Kunkuru a Tsakar Gida: Yadda Za a Kare Shi Daga Zafin Bazara

Masu kallo, a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40 kusan kullum, wasu ranakun har ya kai 45. A irin wannan lokaci mutum yana gumi, kare yana haki, amma kunkurun da ake kiwo a tsakar gida ba ya gumi ko kaɗan. Kamar ƙadangare da damo da maciji, zafin jikinsa yana bin zafin wurin da yake ne, saboda haka dabararsa ita ce ya bar wuri mai zafi ya koma mai sanyi.

Babban kunkurun da aka fi gani a gidajenmu ɗan asalin Sahel ne, kuma shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Kasancewarsa ɗan Sahel ne ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa rana ba ta yi masa komai. A daji kuwa ba ya zama a rana. Rami yake haƙawa mai tsawon mitoci, ya shige can ƙarƙashin ƙasa inda akwai sanyi da ɗan laima, ba ya fitowa kiwo sai da sassafe ko da la'asar sakaliya. Idan muka ajiye shi a gidan da aka shafe da siminti, mun raba shi da wannan mafaka. Ƙoƙon bayansa ma ba rumfa ba ce. Ƙashi ne mai rai, wanda yake ɗaukar zafi ya kai shi cikin jiki.

Don haka a bar masa wani ɓangare na ƙasa, nesa da gindin katanga domin kada haƙarsa ta rushe ta. Idan ƙasar ta yi tauri, a haƙa masa ramin da zai iya juyawa a ciki, a rufe da itace, a zuba ƙasa mai kauri a bisa, sannan a riƙa yayyafa ruwa a ciki da safe. Kada a rufe da kwano, domin da tsakar rana ƙarƙashin kwano tanderu ne. A kuma lura cewa inuwa tana tafiya: gindin bedin da yake da sanyi da hantsi yana iya zama fili da ƙarfe biyu. Masu ɗaure kunkuru da igiya, balle masu huda ƙoƙonsa, suna hana shi bin inuwar ke nan.

Ruwan sha ya kasance a kasko mai faɗi marar zurfi, wanda zai iya shiga ya jiƙa jikinsa ba tare da ruwan ya rufe masa hanci ba, tun da shi ba ya iya iyo. A taɓa ruwan famfo da hannu kafin a zuba, domin wanda ya fara fitowa da azahar yakan yi zafin da zai ƙona; na randa ya fi.

Ƙananan 'ya'ya sun fi shiga haɗari, saboda jikinsu yana ɗaukar zafi nan da nan. Roba ko akwatin gilashi da aka sa su a ciki aka manta a bakin taga ya isa ya kashe su, haka nan kunkurun da ya kife a rana ya kasa juyowa yana iya mutuwa.

Idan aka ga yana fitar da kumfa ko yawu a baki, yana buɗe baki, yana kai da komo a ruɗe ko ya saki ƙafafu, zafi ya kama shi. A kai shi inuwa nan take, a riƙa zuba masa ruwa mai ɗan sanyi a hankali, amma ban da ƙanƙara, domin sanyaya shi farat ɗaya yana iya ƙara masa lahani. A ɗauke shi cikin natsuwa, saboda idan ya tsorata yakan zubar da ruwan da ya tara a mafitsara, wanda shi ne guzurinsa na rani. Ko da ya farfaɗo, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.