Yadda ake zaɓen wandon jins da zai zauna daidai a ƙugu

Assalamu alaikum masu kallo. Wanda ya saba da wandon shadda mai zariya bai cika damuwa da awon ƙugu ba, domin in ya ci ya ƙoshi sai ya sassauta, in ya rame sai ya ƙara ɗaurewa. Wandon jins ba ya yin wannan rangwame. Asalinsa tufar aikin ƙarfi ce, wadda Levi Strauss da tela Jacob Davis suka yi wa rajista a Amurka a 1873, kuma har yau yadinsa mai kauri ne, abin da aka yanka shi ne zai zauna a jikinku.

Mu fara da lambar da ke jikin wandon. Idan kun ga an rubuta W32 L30, ta farko kewayen ƙugu ce, ta biyu kuma tsawon ƙafa daga hantsa zuwa ƙasa, duka da inci, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Sai dai kowane kamfani da irin yankansa, balle kayan gwanjo da ake zubewa a Babbar Kasuwar Katsina, waɗanda wani ya riga ya sa, ya wanke, sun tsuke ko sun saki. Saboda haka kafin ku fito daga gida, ku ɗauki wandon da ya fi yi muku daidai, ku ɓalla maɓallinsa, ku shimfiɗa shi a kan tabarma, ku auna bakin ƙugun daga gefe zuwa gefe, sannan ku ninka. Idan tef ya nuna 16, ƙugunku 32 ne. Ku sa tef ɗin a aljihu ku tafi da shi. Dabarar nan ta zagaya ƙugun wando a wuya da samari ke yi a gaban mai kaya kintace ce kawai, domin ba kowa ne wuyansa ke tafiya da cikinsa ba.

Akwai awon da ba a cika rubuta shi ba, alhali a ganina ya fi lambar ƙugu muhimmanci, wato tazarar da ke tsakanin hantsar wando da bakin ƙugu. Ita ce ke nuna inda wandon zai tsaya. Mai gajeriyar tazara yana tsayawa a kan mara, kuma idan mai tumbi ya sa shi, sai ya tokare cikin daga ƙasa, tumbin ya zubo a kan bel, ya ƙara fitowa fili. Wanda ya tsaya dab da cibiya kuwa yana tattare cikin, ƙafa ta yi kamar ta ƙara tsawo, riga ma ta kwanta lafiya. Ga kuma batun sutura: duk mai zuwa masallaci ya taɓa ganin matashin da ya yi sujada a sahun gaba, wandon ya zame, yana ta kai hannu baya yana jan riga.

Masu faɗin kwankwaso da siririn ƙugu, musamman mata, sun san wata matsalar: wando ya wuce cinya da kyau, amma ya bar rami a baya wanda hannu zai shige. Kada ku nemi ƙarami don toshe ramin. Ku sayi wanda ya yi wa kwankwaso da cinya daidai, ku kai wa tela mai keken da ke iya ɗinka yadi mai kauri, ya rage ƙugun ta ɗinkin tsakiyar baya. Ragewa abu ne mai sauƙi, ƙarawa ce ba ta yiwuwa, domin ba a barin rarar yadi a cikin ɗinkin jins.

Ku duba takardar ciki kuma. Idan an rubuta auduga kashi 98 da zaren roba kashi 2, wandon zai bi jiki, amma yana saki bayan an wuni da shi, don haka gara ya ɗan kama ku a ranar farko.

Idan kun samu wurin gwadawa, ku cire bel tukuna. Ku zura yatsu biyu tsakanin wandon da ciki. In sun shiga ba tare da kokawa ba, kuma wandon bai zame ba, ƙugun ya yi. Daga nan ku zauna, ku tsuguna, ku ɗaga ƙafa kamar za ku hau babur. Idan maɓallin ya nutse a ciki har ya bar shaida a fata, ku mayar wa mai kaya, ku ce ya ƙaro inci ɗaya.