Yadda Ake Auna Rubutun Fim ɗin Neman Tsira Kafin a Zuba Masa Kuɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku marubuta da furodusoshi da ɗalibai da kuka halarta. An nemi in yi magana a kan nau'in fim guda, wato wanda ake jefa mutum ɗaya ko mutane ƙalilan cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai, a tsakiyar teku ko hamada ko kan dutse, a bar mai kallo zuciyarsa na dukan uku-uku yana jiran ya ga ko za su fita da rai. Tambayar ita ce, idan aka ajiye wa mutum irin wannan rubutu a kan tebur, ta yaya zai gane ƙarfinsa, kuma ta yaya zai ƙiyasta ko zai dawo da kuɗin da za a zuba masa.

Abin da ke jan hankalin sabon marubuci zuwa wannan nau'i a bayyane yake. 'Yan wasa kaɗan ne, wuri ɗaya ne, kuma ana iya faɗin labarin cikin jimla ɗaya. Fim ɗin Buried na shekarar 2010, wanda Chris Sparling ya rubuta, labarin mutum ne da ya farka a cikin akwatin gawa a ƙarƙashin ƙasa, da wayar salula da abin kunna wuta, kuma kyamara ba ta fita daga akwatin ba har fim ya ƙare. Sai dai wannan jimla ɗaya ita ce mafi arha a cikin aikin, domin kusan kowane marubuci yana da irinta. A ƙa'idar sana'ar, shafi ɗaya na rubutu yana daidai da kusan minti ɗaya a allo, saboda haka ana bukatar shafi 90 ko fiye da mutumin nan zai ci gaba da riƙe mai kallo. Shafuka goman farko kusan kullum suna da daɗi, tunda a nan hatsarin yake aukuwa, na ƙarshe ma haka. Cutar tana ɓuya ne tsakanin shafi na 30 da na 70, kuma a nan nake so mai nazari ya fi kashe lokacinsa.

Bari mu ƙaddara an kawo mana labarin direban babbar mota da injinsa ya ɗau zafi ya tsaya a tsakiyar hamada, ga shi shi kaɗai, da jarkar ruwa ɗaya. Marubuci mai rauni zai cika tsakiyar labarin da masifu masu faɗowa daga sama: yau guguwa, gobe maciji, jibi kunama, direban kuwa yana ta wahala yana kuka. Mai kallo zai tausaya masa na ɗan lokaci, daga nan ya fara duba wayarsa. Marubucin da ya san aikinsa zai ajiye jarkar nan a gaban direban ya tilasta masa zaɓi, ko ya zuba ruwan a lagireto da fatan motar ta tashi ta kai shi rijiya ta gaba, ko ya adana shi ya sha kaɗan-kaɗan yana jiran wani ya biyo hanyar. Idan ya zuba, motar ta yi kilomita ashirin ta sake tsayawa, to yanzu ya bar kan hanyar da ake bi, ruwa kuma ya tafi, kuma shi da hannunsa ya jawo. Kowace dabara da ya yi ta warware matsala ɗaya ta haifar da wadda ta fi ta tsanani. Ni a wurina wannan shi ne babban ma'auni. Nakan ɗauki biro in yi alama a duk shafin da jarumi ya yanke shawarar da ta ci masa wani abu, kuma idan na wuce shafi goma ban yi alama ba, na san rubutun ya kwanta, ko da an cika shi da ihu da jini.

Bayan wannan sai a duba ko marubucin yana wasa da gaskiya. Dole mai kallo ya san dokokin hatsarin tun da wuri, ya san ruwa nawa ya rage, iska za ta kai ƙarfe nawa, yaushe teku za ta cika. A fim ɗin The Shallows na 2016, jarumar tana kan wani ɗan dutse kusa da gaɓa, kifin shak yana zagaye ta, kuma an sanar da mu cewa idan ruwa ya taso dutsen zai nutse, don haka tekun kanta ta zama agogo. Duk wuƙa ko igiyar da za ta ceci jarumi a shafi na 80, ya kamata mun gan ta tun a shafi na 5. An yarda tsautsayi ya jefa mutum cikin masifa, amma idan sa'a kawai ta fitar da shi, mai kallo zai ji an yaudare shi. Haka nan jarumin da ke yin wauta don kawai labari ya tsawaita, wanda 'yan kallo za su riƙa yi wa tsaki, yana zubar da darajar rubutu nan take.

Akwai kuma matsalar shiru, domin mutumin da ke shi kaɗai ba shi da abokin magana, mu kuwa muna bukatar sanin abin da ke ransa. A Cast Away na 2000 an ba Tom Hanks ƙwallo ya mayar da ita abokin hira. A 127 Hours na 2010 jarumin yana magana da ƙaramar kyamararsa, abin da Aron Ralston na ainihi ya yi lokacin da dutse ya danne masa hannu a wani kwazazzabo na jihar Utah a 2003. Darakta J. C. Chandor kuwa ya zaɓi shirun kansa a All Is Lost na 2013, inda kusan babu magana, har rubutun bai wuce shafi talatin da ɗoriya ba. Hanyar da ba na so ita ce yawan komawa baya don nuna rayuwar jarumi a gida, domin duk lokacin da aka fitar da mai kallo daga ramin, an ba shi damar numfasawa, alhali ƙuncin shi ya biya kuɗi ya gani. Kuma a gaskiya jarumin da ke fama da mutuwar ɗansa ko mahaifiyarsa ya yi yawa a wannan nau'i, har ya zama kamar fom da ake cikewa.

Mu juya ga kasuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa wuri ɗaya da ɗan wasa ɗaya yana nufin ƙaramin kasafi. Ya danganta da wurin. An tsara ɗaukar Jaws na 1975 cikin kwana 55, amma saboda a kan teku aka yi aikin ya kai kwana 159, kasafin kuma ya ninka. Masu The Revenant na 2015 sai da suka kwashe kayansu daga Kanada zuwa kudancin Ajantina neman dusar ƙanƙara, kuɗin ya kai kusan dala miliyan 135. Saboda haka mai nazari ya ƙirga fitowar da ke kan ruwa, da ta dare, da mai dabba, da mai ƙaramin yaro, da ta wuri mai tsayi, domin kowacce tana ƙara kwanaki da kuɗin inshora. Rubutun da ke bukatar dala miliyan 100, kamar Gravity na 2013, kamfanoni ƙalilan ne a duniya za su iya taɓa shi, ko da yake wancan ya tara sama da miliyan 700. Wanda za a iya yi da miliyan 3, kamar Fall na 2022 da aka maƙale mata biyu a saman dogon ƙarfen eriya, masu sayensa suna da yawa, kuma ya ninka kasafinsa sau da dama a sinima.

Sai batun ɗan wasa. Tunda fuska ɗaya za ta ɗauki fim ɗin, a tambaya ko rawar tana da abin da zai sa babban jarumi ya karɓi kuɗi ƙasa da yadda ya saba don ya nuna bajintarsa. Sunansa da fasta da jimlar nan ɗaya su ne kayan da dillalan fim ke kaiwa kasuwannin Cannes da Berlin su sayar da haƙƙin nunawa ƙasa-ƙasa, wani lokaci tun kafin a kunna kyamara. A nan wannan nau'i yake da babbar fa'ida, domin tsoron nutsewa ko faɗowa ba ya bukatar tafinta, kuma ƙarancin magana yana sauƙaƙa ɗora murya ko rubuta fassara a ƙasan allo. Buried da aka yi da kusan dala miliyan 2 bai tara abin kirki a sinimomin Amurka ba, mafi yawan kusan miliyan 20 da ya samu daga wasu ƙasashe suka fito. Amma ina jan kunnenku kan waɗannan alƙaluma. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, talla kuma kan ci fiye da kasafin ƙaramin fim, sannan mu waɗanda suka yi nasara kawai muke tunawa. All Is Lost, duk da babban jaruminsa Robert Redford da yabon masu sharhi, cinikinsa matsakaici ne. Wanda ya kwatanta rubutunsa da fim ɗin da ya fi kowane sa'a a tarihi, yaudarar mai kuɗi yake yi, ko yana yaudarar kansa.

Labarin da ya faru a gaske yana da nasa farashi. Hatsarin jirgin saman da ya faɗi a tsaunukan Andes a 1972, inda mutum 16 cikin 45 suka rayu bayan kwana 72, ya sake samun miliyoyin masu kallo lokacin da Netflix ta fitar da Society of the Snow na darakta J. A. Bayona. Irin wannan yana zuwa da tallarsa a hannu, sai dai a tabbata marubucin ya mallaki izinin littafin ko na mutanen da abin ya shafa, in ba haka ba babu kamfanin da zai kusance shi. A duba kuma matakin shekarun masu kallo, domin masu Fall sai da suka yi amfani da fasahar kwamfuta suka sauya ashariya sama da 30 a bakin 'yan wasan don matasa su samu shiga.

Idan mai nazari ya gama, rahotonsa a al'adar kamfanoni yakan ƙare da ɗaya daga hukunci uku: a bar shi, ko a sake dubawa, ko a saya. Mafi yawan rubuce-rubuce na farkon suke samu, na ukun kuwa ba kasafai ake ba da shi ba. Shawarata ita ce a rubuta hukunci biyu daban, ɗaya a kan rubutun, ɗaya a kan marubucin, domin sau da yawa labarin ya fi ƙarfin aljihun kamfani ko an riga an yi irinsa bara, amma wanda ya iya riƙe mutum ɗaya a cikin mota tsawon shafi 40 ba tare da ya gundure mu ba, ya cancanci a kira shi a tambaye shi me yake rubutawa yanzu. A nan zan dakata, sai a buɗe fagen tambayoyi.