Yaro da hannu yake kallo

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi motar nan da kyau. Jikinta gwangwanin madara ne, tayoyinta daga tsohon silifa aka yanko su, sitiyarin kuwa dogon karan dawa ne. Wani yaro ne ya ƙera ta a lungunsu, nan cikin garin Katsina, kuma ba a aji ya koya ba.

Ga wani hoton. Daga nesa sai ka rantse ƙaton bargo ne na zinariya aka rataye a bango. Matso kusa. Murafun kwalba ne, dubbai, an bubbuge su sun baje, an ɗinke su da wayar jan ƙarfe. Aikin El Anatsui ke nan, mutumin Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya ta Nsukka a 1975. A 2015 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a babban bikin fasaha na Venice a Italiya, a 2023 kuma aikinsa ya cika babban zauren gidan Tate Modern a Landan.

Da yaron da dattijon, abu ɗaya suka yi. Sun tsinci abin da aka yar, suka hango wani abu a cikinsa da mu ba mu hango ba. To wannan ita ce fasahar zamani: aikin mutanen da muke rayuwa tare da su yanzu, a kan abin da ya dame su yanzu, da duk abin da hannunsu ya kai, fenti ne ko ƙyalle ko ƙarfe ko ƙasa. Shi ya sa nake cewa ɗan shekara biyar ya fi mu manya kusa da ita. Mu tambayarmu kullum, me wannan yake nufi? Shi kuwa tambayarsa, da me aka yi shi, ni ma zan iya?

Na san abin da ke ran wasu iyaye. Wani zai ce ai wannan harkar Turawa ce. Amma a Zariya, a 1958, wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ce ba za su tsaya kwaikwayon zanen Ingila ba, za su haɗa abin da suka koya da abin da suka gada a gida. Wani kuma damuwarsa gunki da hoton mai rai. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma kai uba ko uwa kai ne mai zaɓen abin da ɗanka zai tsaya a gabansa. Ayyuka da yawa na zamani ba siffar kowa a jikinsu, launi ne da layi da tsari. Mu kuwa nan muka fi ƙarfi. Zayyanar allon sauka, dagi a goshin zaure, aska takwas a gaban babbar riga, launukan faifai a bangon ɗakin amarya, duk idon yaronmu ya saba da su.

To ina za a kai shi? Manyan zaurukan zanen zamani suna Legas da Abuja, irin su gidan Nike da gidan Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019. Mu a nan muna da gidan tarihi na ƙasa a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Gidan tarihi ne, na sani. Amma koyon kallo a nan ake fara shi, kuma ginin kansa, na ƙasa mai kaurin bango, shi ne abu na farko da za a nuna wa yaro. Sabon aikin kuwa kai za ka zo da shi, hoto biyu ko uku a waya ko a takarda, a ajiye tsoho kusa da sabo. Mutanen Daura, Rijiyar Kusugu da zanen bangon fada za su yi muku irin wannan aiki.

Kuskuren da muka fi yi shi ne son a ga komai. A jera yara talatin, a bi ɗaki ɗaki, babba yana ta zuba shekaru, yara suna hamma. Abu uku ya isa. Minti talatin ya isa. Ka durƙusa idonka ya zo daidai da nasa, domin abin da kake gani a tsaye ba shi yake gani ba.

Sannan ka riƙe bakinka, wannan shi ne mai wuyar. Akwai wata hanya da Philip Yenawine, wanda ya shugabanci sashen ilimi na gidan fasahar zamani na New York, ya tsara tare da Abigail Housen, tambaya uku ce kacal. Me ke faruwa a nan? Me ka gani da ya sa ka faɗi haka? Me kuma za mu iya ganowa? Ta biyun ce zuciyar abin. Na taɓa nuna wa ɗiyata aikin murafun nan, ta ce, “Baba, ruwan sama ne.” Saura kaɗan in ce a'a, murafu ne. Sai na ce me kika gani? Ta ce yana walƙiya kuma yana gangarowa ƙasa. Ta kafa hujja da abin da idonta ya gani, tana shekara biyar. Da na gyara mata, da shiru za ta yi, gobe ma ta jira in faɗa mata amsa.

Saura hannu. Ƙaramin yaro bai yarda ya ga abu ba sai ya taɓa, gidan tarihi kuma dole ya hana, domin gumi da maiƙon yatsa suna cin ƙarfe da fata da ƙyalle a hankali, hannu dubu kuwa ba hannu ɗaya ba ne. Tsawa ba ta magance wannan. Abin da ke magance shi jaka ce ka zo da ita daga gida: sakaina, curin yumɓu a leda, guntun saƙi, zare, gawayi, kwali, murafun roba wankakku. Idan ya ga tsohuwar tukunya ya miƙa hannu, sai ka ce waccan ta ido ce, ga ta hannu, ka danƙa masa yumɓu. Ka ciro naira ashirin ka juya bayanta, ga Ladi Kwali tana gina tukunya, matar da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, tukwanenta suka zaga Turai da Amurka. Yaro zai dubi takardar, ya dubi curin da ke hannunsa.

Bayan an fito, a nemi izinin ma'aikata a shimfiɗa tabarma a inuwa. Kada ka ce ya kwafi abin da ya gani. Ka ce, yi naka. Ko ya yi abin da ba ka gane ba, kada ka tambaye shi mene ne wannan, ka ce ba ni labarinsa. Malaman firamare, a raba yara shida shida, kowane rukuni da babba ɗaya. A guji murfin ƙarfe mai kaifi, kuma 'yan ƙasa da shekara uku a ba su yumɓu da manyan abubuwa kaɗai, domin komai baki suke kai shi.

Abin da ya yi, a tafi da shi gida, a kafa ƙusa a rataye daidai tsayinsa. Na ɗiyata yana jikin bangon tsakar gida, murafu goma sha ɗaya a zare, ta raɗa masa suna damina. Yanzu duk wanda ya sha lemo a gidanmu, kafin ya ajiye gorar tana tsaye a gabansa da hannu a buɗe, tana cewa, “Kawu, murfin nawa ne.”