Sabuwar Tirelar Kwana a Amurka: Duba Tayarta Kafin Ka Ja Ta

Assalamu alaikum jama'a. Yau ina wani filin sayar da tirelolin kwana a nan jihar Ohio, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi shaƙatawa. Ciki kam ba a magana, ga gado, ga kicin, ga banɗaki. Amma ni ƙasa zan durƙusa da kyamara, don a wajen taya masu ƙera su suka fi yin tsimi.

Yawancin tirelolin nan a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, kuma a kan tayarsu direbobin haya ke janyo su zuwa wurin dillali, wani lokaci ɗaruruwan mil. Ba wanda zai gaya maka irin gudun da aka yi da su, ko iskarsu ta cika a ranar. To kun ga "sabuwa" ɗin nan akwai magana a ciki.

Bari in matso ku ga rubutun: ST205/75R14. Wannan ST ɗin yana nufin tayar tirela ce zalla, ba a saka ta a mota. Ga harafin C nan, ajin nauyinta ke nan: fam 1,760 take ɗauka, wajen kilo 800, shi ma sai iskarta ta kai psi 50 cif, psi ɗin nan shi ne ma'aunin iskar taya. Yanzu ku yi lissafi. Aksil biyu ne a ƙarƙashi, kowane na fam 3,500, jimla 7,000. Taya huɗu kuma 7,040. Rarar fam 40 kacal! Kuma kaya ba sa raba kansu daidai, ɓangaren da firji da kicin suke ya fi nauyi. Tankin ruwa mai galan 40 shi kaɗai ya haura fam 330. Iska ta ɗan ragu, gefen tayar ya yi ta lanƙwashewa, zafi ya taru, robar ta rabu da wayoyin ciki. In ta ɓare kuwa, ɓawon nan ya dinga dukan ƙasan tirelar kamar bulala, ya tsinke wayoyin wuta, ya fasa madigadi, wani lokaci har bututun gas.

Masu tirela a nan suna yi wa tayoyin masu arha laƙabi da bam ɗin China. A ganina laifin ba na ƙasar da aka yi su ba ne kaɗai. Ko taya mai kyau ka ɗora mata iya ƙarfinta a kwalta mai zafi, ba za ta daɗe ba.

Sai shekarunta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. Wannan 1423 ce, wato mako na 14 a 2023. 'Yan'uwa na gida masu sayen taya 'yar gwanjo, lambar nan ɗaya ce, ku ma ku duba. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, shi ya sa da yawa ke sauyawa a shekara biyar.

Gudu kuma, tayar ST da ba a rubuta mata harafin gudu ba mil 65 a awa ne iyakarta. L 75 ne, M 81, N 87. Tayar tirela ta kamfanin Goodyear mai suna Endurance tana da N.

Shawarata, tun ana ciniki ka nemi a mayar da su ajin D, mai ɗaukar fam 2,040 a psi 65, in wilin zai jure wannan iska, a sa bawul na ƙarfe da na'urar da ke nuna iskar taya daga cikin mota. Auna iska da safe kafin a motsa, kada ka rage ta in ka ga ta hau a kan hanya. Notin wili a sake ɗaure shi bayan mil 10, 25 da 50, da sifana mai awo. Ka loda kayanka ka hau sikelin auna motoci na kamfanin CAT a tashar manyan motoci ka ga nauyin gaskiya.

In ɗaya ta fashe, ta kusa da ita a gefe guda ta ɗauki kayan biyu, ita ma a cire ta, ko da ido bai ga komai ba. Safayar ma ku leƙa ta, ga ta can a baya, rana na dukanta ba murfi.