Sharhi: Yadda alƙalamin masani ɗaya ya raba Kalanga da Shona

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, yau sharhin namu Zimbabuwe zai kai mu, kuma ba maganar tsadar rayuwa ko zaɓe za mu yi ba, maganar harshe ce.

A watan Afrilun 2015, lokacin da ake ta kai wa baƙi hari a Afirka ta Kudu, shugaban Zimbabuwe na lokacin, marigayi Robert Mugabe, ya tsaya gaban 'yan jarida a Harare ya ce wai 'yan ƙabilar Kalanga ba su yi boko ba, su ne ke tsallakawa can suna 'yan sace-sace. Ai kuwa ƙura ta tashi, Kalanga na gida da na waje suka yi ca a kansa, kuma abin da da yawansu ke faɗa shi ne, to wa ya hana mu karatun da harshenmu tun farko? Amsar tana can baya, shekara tamanin da ɗoriya kafin wannan rana.

Kafin 1929 babu wani rubutaccen harshe guda da ake kira Shona. Kowace mishan da nata rubutun, 'yan Katolika a Chishawasha suna rubuta Zezuru, 'yan cocin Dutch Reformed a Morgenster suna rubuta Karanga, na wajen Mutare suna fama da Manyika, Amurkawa a Mount Selinda kuma Ndau suka kama, kowa da irin baƙaƙensa alhali masu waɗannan kare-karen harshe suna jin juna in sun haɗu a kasuwa. Sai a 1929 ɗin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko Clement Doke, masanin harshe daga jami'ar Wits ta Johannesburg, ya zaga ƙasar yana sauraron bakin mutane, a 1931 ya fitar da rahoto ya ce a haɗe Zezuru da Karanga da Manyika da Korekore da Ndau a yi musu rubutu ɗaya. Wani abin sha'awa, a baƙaƙen da ya tsara har da ɓ da ɗ masu lanƙwasa irin namu, amma a gyaran 1955 aka watsar da su saboda wahalar bugawa, mu kuwa ga namu nan har yau muna nemansu a allon waya.

To ina Kalanga? Doke ya yarda dangin Shona ne, amma ya ga ta yi nisa da sauran, ga ta zaune a yamma cikin masu harshen Ndebele, sai ya ba da shawarar kada a sa ta a haɗakar, yankin nasu a koyar da Ndebele kawai. Shi ke nan fa. Yaro a Plumtree ko Bulilima ko Mangwe ya tashi da Kalanga a bakin uwarsa, ya je aji a ce masa Ndebele ne harshensa, har aka wayi gari wasu na jin kunyar yin Kalanga a cikin Bulawayo, garin da kufan Khami ke gefensa, birnin dutsen da Kalanga ke cewa na kakanninsu ne. Kuma ko da an sa su a Shonar ma da sauran rina a kaba, don baƙaƙen daidaitacciyar Shona babu harafin l a ciki, su kuwa hatta gaisuwarsu dumilani da l take, inda Bashone zai sa r su l suke sawa, ku dubi sunayen Karanga da Kalanga ma kawai.

A tsallaken iyaka, Botswana, wajen Francistown da Tutume, nan ma Kalanga ne jingim, an taɓa koyar da harshen a makarantun mishan amma bayan 'yancin 1966 aka ce Setswana da Turanci sun isa.

Ni dai ban ɗauki Doke mugu ba, aikin da ya yi wa Shona ya yi albarka, a kansa masanin harshe George Fortune ya ɗora nahawu, a kansa Herbert Chimhundu da abokan aikinsa na jami'ar Zimbabuwe, da taimakon jami'o'in Oslo da Gothenburg, suka fitar da ƙamus na farko mai bayanin Shona da Shona a 1996. Abin da ke damuna shi ne yadda shawarar mutum ɗaya ta zama doka, babu wanda ya tara dattawan Kalanga ya tambaye su. Su ma Manyika da Korekore suna gunaguni cewa Shonar rediyo da jarida da ta bakin 'yan siyasa duk warin Zezuru take, harshen Harare kuma harshen gidan su Mugabe, kamar dai yadda Basakkwace kan ce daidaitacciyar Hausa ai Kananci ce aka sa wa babbar riga.

Tsarin mulkin 2013 ya ɗan gyara, ya amince da harsuna 16, Kalanga na ciki da Tonga da Nambya da Venda har da maganar hannu ta kurame, kuma Ndau da Doke ya cusa cikin Shona ta fito da sunanta daban, kun ga ashe layin da masani ya ja ana iya goge shi. Gidan rediyon National FM yana labarai da ƙananan harsunan, a 'yan shekarun nan ma an ba Plumtree lasisin rediyon al'umma, Radio BuKalanga.

Amma ku leƙa majalisa, Turanci ne sai Shona sai Ndebele jefi-jefi. Kuma har gobe iyaye a Matabeleland, yankin yamma inda Ndebele da Kalanga suke, suna kokawa cewa ana turo wa 'yan aji ɗaya malaman da ko gaisuwar garin ba su iya ba, yaro ɗan shekara shida ya zauna yana kallon bakin malam, malam na kallon nasa.

Sai kuma mun haɗu a sharhi na gaba, a huta lafiya.