Bishiyar larch: ba editin ba ne, rana ce a bayanta

Tun da hotunan bishiyoyin nan masu launin gwal suka fara yawo ake ta gardama, wasu su ce AI ne, wasu su ce ai bishiyoyin mutuwa suka yi. Babu ko ɗaya. Sunanta larch, dangin pine ce, ganyenta siri-siri kamar allura, amma ita ta fita zakka a danginta, 'yan uwanta kore shar shekara zagaye, ita kuwa da kaka ta shigo sai koren ya janye, ruwan ɗorawar da dama yake ɓoye a ganyen ya fito fili, daga nan ta kakkaɓe komai kafin tsananin sanyi.

Nan da kuke gani Larch Valley ne a Banff ta Kanada, saman tafkin Moraine, ƙarshen Satumba. Wannan kuma Engadin ce a Suwizalan, su nasu sai an shiga tsakiyar Oktoba. Kamar sati biyu ne abun, iska mai ƙarfi ta taso shi ke nan sai baɗi.

To ga inda ake tafka kuskuren, ku tsaya nan da kyau. Kowa ya saba in zai ɗau hoto ya ba rana baya ko? Ku dubi abun da hakan ke yi wa larch. Fayau, launin ya kwanta kamar busasshen kara, shi ya sa mutum zai koma gida ya yi ta ƙara kala a waya har bishiya ta koma kamar an watsa mata manja, ni wallahi wannan yana min ciwo don bishiyar ba ta buƙatar haka.

Yanzu ku kalli bishiyar nan dai, ita ce fa, zagayawa kawai aka yi aka fuskanci rana. Kun gani? Allurar ba ta da kauri, hasken ratsa ta yake yi ya fito ta wajenka, sai ka ga kowane reshe kamar an kunna masa fitila. Ka nemi hantsi ko la'asar sakaliya lokacin da rana ta yi ƙasa, ka matsa hagu ka matsa dama har bayan bishiyar ya faɗa kan gefen dutsen da ke cikin inuwa, duhun nan shi ke fito da gwal ɗin. Ita ranar ka ɓoye ta bayan gangar bishiya ko ka kare lens da tafin hannu. Sai ka taɓa allon wayar daidai kan ganyen ka ja hasken ƙasa kaɗan don kar ya ƙone ya koma fari.

Saura mai sauƙi ne. Cire white balance, wato saitin da ke daidaita launi a kyamara, daga oto don yakan sanyaya launin, sa lambarsa wajen 5500, in akwai RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye yadda kyamara ta ɗauko shi, ka kunna.

Bari in yi shiru daƙiƙa goma, ku kalli yadda iska ke kaɗo alluran suna sauka kan hanya.