Furotin da gadoliniyam a hoton IRM: laccar da aka gabatar a Garwa

Assalamu alaikum. Malamaina, likitoci, da ku ɗalibanmu da ke can baya, ku matso gaba, akwai kujeru. Abubuwa uku zan taɓo.

Na farko, na'urar IRM, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ruwan jikinmu take saurare, wato haidurojin da ke cikinsa. Idan ana son hoto ya fito sarai, sai a yi wa mutum allurar da ke ɗauke da ƙarfen gadoliniyam, wadda aka fara amfani da ita a 1988 da sunan Magnevist. Ƙarfen yana da elektiron bakwai marasa abokan haɗi, saboda haka ruwan da ya kusance shi yakan koma daidai da sauri bayan na'urar ta girgiza shi, wurin ya yi haske a hoton. Amma idan ya kuɓuce daga sinadarin da ke riƙe da shi a cikin allurar, guba ne, domin girmansa ya yi kusa da na kalsiyam, jiki yakan ruɗe da shi. A 2006 aka gano alaƙarsa da wata cuta mai sandarar da fata a masu ciwon ƙoda mai tsanani, a 2017 kuma Turai ta dakatar da wasu nau'o'insa.

To, na biyu, ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Ƙwayar sinadarin da ke cikin allurar da ake da ita yanzu ƙarama ce, kuma juyawa take yi cikin jini da saurin da ya wuce misali, alhali na'urar tana da mitar da take aiki da ita. Kamar mai rawa ne da ya fi kalangu sauri, ƙarfinsa a banza yake tafiya. Furotin kuwa babba ne, a hankali yake juyawa, a hankali, ina maimaitawa, har juyawarsa ta kusanci mitar na'urar. Wannan kaɗai ya isa ya ninka hasken. Farfesa Jenny Yang ta Jami'ar Jihar Jojiya a Atlanta, Amurka, da abokan aikinta sun ɗauki wani furotin mai suna parvalbumin, wanda Allah ya halitta da gurbin kama kalsiyam. Irinsa yana da yawa a tsokar kifi, har da na Binuwai da kuka ci jiya. Suka sauya amino asid kaɗan, gurbin ya riƙe gadoliniyam gam, ya kuma bar ƙofar da ruwa zai shiga ya fita, suka kira shi ProCA32. Ƙarfin haskensa ya ninka na magungunan asibiti kusan sau goma, ke nan ƙarfe kaɗan ya wadatar. A rahotonsu na 2015, sun hango ƙari a hantar ɓera wanda bai kai rabin milimita ba. Rabin milimita, jama'a!

Na uku, akwai feritin, furotin da ke taskance baƙin ƙarfe har atom 4,500, shi duhu yake sa wa hoto. Lokaci ya ja, na ga hannun Hajiya.

(Wata unguwarzoma ta tambaya ko wannan zai amfani masu ciwon hanta.)

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce tambayar arewacin Kamaru, inda ciwon hanta nau'in B ya yi mana katutu. Hanta tana tabo shekara da shekaru mutum bai sani ba, sai ciki ya kumbura. Tabon nan kolajin ne, wani furotin mai kama da zare, kuma a 2019 masu binciken sun liƙa wa ProCA32 ɗin wani ɗan guntu mai neman kolajin, ya nuna tabo tun yana farkonsa ba tare da an tsaga hanta an ɗebo ba. A ɓeraye aka yi wannan, kuma garkuwar jikin mutum tana iya ƙin baƙon furotin, shi ya sa suke lulluɓe shi da wani sinadari mai suna PEG don ya ɓuya wa garkuwar. Kafin wannan magani ya iso Garwa, abin da ke hannunki ya fi sauri: a gwada mai ciki, a yi wa jariri rigakafin cikin awa 24 da haihuwa. Ku kuma likitoci, ku duba ƙodar majinyaci kafin ku tura shi allurar gadoliniyam.